Takobi Ɗaya, Majiya Ƙarfi Tamanin: Nazarin Rayuwar Ɗan Kokowa Daga Damargu

A Damargu, in kana son sanin ko za a yi kokowa bana, rumbu za ka leƙa. Shekarar da gero ya yi, aka ɗaure dammuna aka kai gida, ba a jimawa sai zance ya cika kasuwannin Tanut da Belbeji: samarin gari kaza sun aika wa na gari kaza goron gayyata, wane na Falanko ya ce bana babu mai kai shi ƙasa. Shekarar da damina ta yi gardama kuwa, tun kafin sanyi ya sauka majiya ƙarfi sun kama hanyar Kano, ko Agadas, ko Libiya, makaɗi ya rataye gangarsa. Kokowa wasan ƙoshi ce, kuma a ƙasar da ke bakin hamada ba kowace shekara ake ƙoshi ba.

Jikin ɗan kokowar ma gona ce ta gina shi. Noma a jigawa, jan guga a rijiyoyin Damargu masu zurfi, ɗaukar dami a ka, bin dabbobi, ga fura da nono. Yaro yana fara kaye da tsaransa a cikin rairayi tun bai san ana kallonsa ba. Manya suna gefe suna lura da wanda ƙugunsa ke da nauyi da wanda ƙafarsa ba ta rawa, har ranar da za a ce masa ya ɗaura walki ya shiga fili da sunan gari.

Da la'asar sakaliya ake share filin, a yayyafa ruwa saboda ƙura, jama'a su yi da'ira. Ɗan kokowa ya shigo, damatsansa cike da kambuna, guru a ƙugu, ya durƙusa ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu. Ya ɗaga hannu, ganga ta ɗauke, ya yi kirari: ya ambaci ubansa da garinsu, ya lissafa waɗanda ya kayar, muryarsa tana karkarwa. Daga nan su biyun su sunkuya, goshi dab da goshi, kowa na lalubar wuyan hannu ko ƙeyar abokin karawarsa. Baƙo zai ce ba su fara ba, alhali tuni aka yi nisa. Kowa na auna inda ɗan'uwansa ya jingina nauyinsa, yana ja kaɗan yana saki, yana jiran ƙafa ɗaya ta yi sakaci. Lallaɓawar tana iya cin mintuna, amma taɗiya ko harɗiya ko ɗauka, ƙiftawa da bismilla ce.

Da zarar baya ko ɗuwawu ko kai ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Ba naushi, ba a bin wanda ya faɗi, ba a neman jini. Sau da yawa wanda ya yi kayen shi ke miƙa hannu ya ɗaga ɗan'uwansa, wani dattijo daga gefe ya ce, "Tashi, ɗana, kakkaɓe jikinka, kasuwa mai zuwa ma akwai fili." A ganina babu abin da ya fi wannan daraja a kokowa. Kakanninmu sun samo hanyar da garuruwa biyu za su gwada ƙarfi har zuciya ta huce, kowa ya koma gida da ƙafarsa. A nan ta rabu da dambe, inda hannu naɗe da zare ke neman muƙamuƙi.

Faɗuwa ba ta da tsada a wannan tsari na gargajiya. Wanda ya sha ƙasa a Gangara wannan mako yana iya ramawa a Tarka mako mai zuwa. Dattawan fili su ke haɗa karo, kuma tsara da tsara suke haɗawa, ba sa jefa ɗanyen yaro a hannun ƙato. Ladan kuwa goro ne, da turmin zane, da akuya, da kuɗin da ake liƙawa a goshi, da suna, wani lokaci har da aure. In ƙarfi ya fara ja da baya, mutum ba ya neman inda zai koma, don dama bai bar gonarsa ba. Ya zama mai haɗa karo, ko mai raba gardama, ko wanda samari ke zuwa wurinsa koyon kamu, makaɗa kuma su riƙe sunansa. Babu wanda ya kira wannan fansho, amma aikin da yake yi ke nan.

A 1975 aka buɗe sabon babi. Shekara guda bayan Seyni Kountché ya karɓi mulkin Nijar, ƙasa tana fitowa daga babban fari, gwamnati ta shirya gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, aka sa takobi ya zama kambu. Kantu na Maraɗi ne ya fara ɗaukarsa. Sunaye irin su Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade na Tawa da Langa-Langa na Damagaram suka shiga kowane gida ta rediyo, waƙoƙin Sagalo suka bi su. A yau jihohi 8 ne, kowace da 'yan kokowa 10, ana zagayawa da gasar daga wannan babban birni zuwa wancan. Wanda ya yi nasara yana samun takobi, da doki da kayansa, da rawani, da miliyoyin sefa.

Ba na cikin masu cewa takobi ya ɓata kokowa. Ƙasa mai harsuna da yawa ta sami abin da ke tara Bahaushe da Bazabarme da Buzu da Babarbare da Bafillace a gindin rediyo ɗaya, kuma wannan ba ƙaramin arziki ba ne. Wanda ya ga yadda Damagaram ta girgiza a 2018, lokacin da Tasi'u Sani ya ɗauki takobi a gaban mutanensa, ba zai raina gasar ba. Haka wanda ya bi tarihin Kadri Abdu, Isaka Isaka na Doso, da ya ɗauke shi har sau 6. Gasar ma ta riƙe abubuwa da dama na gargajiya: akwai kyautar kirari, akwai makaɗa, akwai 'yan cali-cali masu kwaikwayon 'yan kokowa suna sa fili dariya.

Sai dai ƙa'idoji biyu sun canza rayuwar ɗan kokowa fiye da yadda muke lura. Neman takobi ba ruwansa da nauyi, sirit da ƙato fili ɗaya suke shiga. Masu son wasa suna alfahari da haka, don babu daɗin da ya kai ƙarami ya ɗaga babba, amma gwiwa da kafaɗar ƙaramin su ke biyan kuɗin wannan daɗi. Ta biyun ta fi nauyi: kaye ɗaya ya raba ka da takobi har sai baɗi. Faɗuwar da a da ake kakkaɓewa yanzu tana cinye shekara guda ta shiri. Shi ya sa za ka ga gwanaye biyu sun kafe, kowa na tsoron kai hannu, har alƙali ya yi ta raba gargaɗi. Shi ya sa kuma asiri ya yi tsada. Laya da rubutu da turare tun asali suna cikin kokowa, amma mutumin da shekararsa duka ta rataya a kan taku ɗaya zai sayar da tumakinsa ya kai wa duk wanda ya yi masa alkawarin tsari.

Dubi tsanin da saurayin Falanko zai hau. Ya fita a garinsu, ya fita a Tanut, sannan ya je Damagaram ya nemi gurbi cikin goma, inda zai tarar da waɗanda ke zaune a birni, suna da ubangida mai ciyar da su, suna atisaye rani da damina. In yana son ya kamo su, dole ya yi yadda suka yi: ya bar gona, ya koma birni, ko ma ya ɗauki rigar wata jiha da ta fi kula da 'yan wasanta. Daga ranar jikinsa ya zama jarinsa kaɗai.

Inda wannan hanya ke kaiwa in an bi ta har ƙarshe, Amurka ta riga ta nuna. A wasansu na zari-ruga, kowane ɓangare mutum 11, akwai wanda suke kira layinbaka. Yana tsayawa bayan sahun gaba na masu tsaro, ya karanci inda ƙwallo za ta bi, ya sheƙo da gudu ya kai mai ɗauke da ita ƙasa. Aikinsa kaye ne, kamar namu, kuma shi ma ido da haƙuri sun fi masa ƙarfi amfani. Tsaninsa ya fi namu tsawo: makarantar sakandare, jami'a, sannan zaɓen shiga NFL mai ƙungiyoyi 32. Dubbai ke farawa, kaɗan ke shiga, waɗanda suka shiga kuma matsakaicin zamansu bai wuce shekara uku da 'yan kai ba.

Wani layinbaka, Junior Seau, ya zarce wannan nesa ba kusa ba. Ya fara da San Diego Chargers a 1990, ya yi kaka 20 yana wasa, an zaɓe shi cikin gwanayen shekara sau 12. A watan Mayu na 2012, yana da shekara 43, ya kashe kansa. Da likitoci suka bincika ƙwaƙwalwarsa sai suka sami cutar da ake kira CTE, wadda yawan gwaruwar kai ke haddasawa, mai kawo mantuwa da baƙin ciki da saurin fushi. Wanda ya fara gano ta a jikin 'yan wannan wasa ɗan Nijeriya ne, Dakta Bennet Omalu, lokacin da ya binciki gawar Mike Webster a Pittsburgh a 2002, ya wallafa sakamakon a 2005, shugabannin NFL suka yi ta musantawa. A 2013 NFL ta amince ta biya dala miliyan 765 ga dubban tsofaffin 'yan wasa da suka kai ta ƙara. A 2015 wani matashin layinbaka, Chris Borland na San Francisco, ya ajiye wasan bayan kaka ɗaya tak, yana da shekara 24, ya ce ya fi son ƙwaƙwalwarsa da kuɗin.

Kada a ɗauka ina cewa kokowa da wannan wasa abu ɗaya ne. Kayen layinbaka karo ne da gudu, ana maimaita shi sau da yawa a wasa ɗaya, kai yana shan gwaruwa ko da hular kwano. Kayenmu ɗaya ne, a kan rairayi, daga tsaye. Ƙa'idar da kakanni suka bari ta kare mana kawunan 'ya'yanmu, kuma duk mai sha'awar kokowar Senegal mai haɗe da naushi, saboda kuɗin da ke cikinta, ya kamata ya karanta labarin Seau kafin ya buɗe baki. Amma ta wajen tsarin rayuwa, hanyar ɗaya ce: ƙofa ƙunci, shekarun ƙarfi kaɗan, masu kallo da masu talla da 'yan siyasa kowa ya sami rabonsa, ciwon kuma na mai jiki ne shi kaɗai. Bambancin shi ne ɗan wasan Amurka yana da ƙungiyar ƙwadago, yana da kwantiragi a rubuce, kuma in ya cika kaka uku yana da haƙƙin fansho. Sai da aka yi yajin aiki da shari'a kafin su samu.

Namu fa? Wanda kafaɗarsa ta goce a zaɓen Tanut, maɗori zai nufa da kuɗin aljihunsa. Targaɗen gwiwa da aka ɗaure aka ci gaba da wasa a kansa yana dawowa bayan shekara goma, lokacin da mutum ke son ya sunkuya ya yi shuka. Kuma gonar da a da take karɓar tsohon ɗan kokowa ita ma ta raunana: ruwa ba tabbas, ƙasa ta gaji, gado ya rarraba ta. Tsohon tsari ya saki mutum, sabon bai kama shi ba. Muna raɗa wa filayen kokowa sunayen gwanaye, na Maraɗi Kantu, na Doso Salma Ɗan Rani, na Damagaram Langa-Langa, kuma sun cancanta. Amma kowace shekara mutum 79 ke komawa gida ba takobi, a bayansu kuma akwai ɗaruruwan da ko motar zuwa gasar ba su shiga ba, sun bar gwiwoyinsu a filayen ƙananan hukumomi.

Gyaran bai fi ƙarfinmu ba. Likita da motar asibiti da ake gani a gasar ƙasa su sauko har zaɓen Tanut da Belbeji, don a nan ne aka fi jin ciwo ba mai gani. Hukumar kokowa ta riƙe rajistar duk wanda ya shiga zaɓe tun daga ƙaramar hukuma, da raunin da ya samu. A yanki wani kaso sananne daga kuɗin ƙofa da na kamfanonin da ke manna tallarsu a fili, a zuba a asusun jinya da na sana'a ga waɗanda suka ajiye walki. A yawaita gasa masu rukunin nauyi, irin yadda ake yi a gasar ƙasashen Afirka ta Yamma, domin mai ƙaramin jiki ya sami inda zai ci abinci ba sai ya tari wanda ya ninka shi ba. Sannan masu gari da attajiran Damargu su raya kokowar kaka da 'yar kyautar da za ta riƙe saurayi a gida wata biyu bayan girbi, a bar dattawan fili su ci gaba da haɗa tsara da tsara kamar yadda suka iya.