Tashoshi Dubu, Mai Zaɓe Ɗaya

Kafin shekarar 1996, doka a Amurka ba ta yarda kamfani guda ya mallaki gidajen rediyo sama da 40 ba. Dokar sadarwa ta wannan shekara ta kau da iyakar, ta kuma halatta wa kamfani riƙe tashoshi har 8 a babban birni ɗaya. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara tashoshi kusan 1,200.

Masu kare wannan tsari suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce: wanda ke da tashoshi da yawa a gari ɗaya ba zai bar su su yi gogayya da juna ba, zai ware wa kowace irin nata shirin. Lallai nau'o'in shirye-shirye sun ƙaru a rubuce. Sai dai sunaye aka ƙirga, aka manta da masu zaɓe. Tashoshi biyu masu laƙabi daban sukan juya waƙoƙi kusan iri ɗaya, domin ma'auni guda ne ya tace jerin, wato abin da ba zai kori mai talla ba. Mai gabatarwa kuma yana zaune a wani birni mai nisa, ya naɗi gaisuwar garuruwa da dama a zama ɗaya, mai sauraro na zaton ɗan garinsu ne.

A watan Janairun 2002 jirgin ƙasa ya kauce daga layinsa kusa da garin Minot a jihar Dakota ta Arewa, iskar amoniya mai guba ta lulluɓe gari da tsakar dare. Tashoshin kasuwanci 6 na garin duk na Clear Channel ne. 'Yan sanda suka yi ta buga waya ba a ɗauka ba, kiɗa kuwa yana ta tashi. Kamfanin ya ɗora laifin a kan jami'an da suka kasa sarrafa na'urar gargaɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma da masu tashoshin shida ne, ƙofa shida za a ƙwanƙwasa.

Mawaƙa ma sun ɗanɗana. Da wata mawaƙiyar ƙungiyar Dixie Chicks ta soki Shugaba Bush a Landan a 2003, umarni ɗaya daga hedikwatar kamfanin Cumulus ya isa ya ɗauke waƙoƙinsu daga tashoshinsa masu yaɗa irin kiɗansu.