Gaba ko baya? Tsokaci kan wasannin koya wa ƙananan yara sanin wuri a Tawa da arewacin Adar

A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wasannin da ake koya wa yara ƴan shekara 3 zuwa 5 sanin wuri da su, watau sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu. Ra'ayinmu shi ne: wasan da aka ɗauko daga faransanci aka juya kalmominsa kawai zuwa hausa yana iya kayar da yaron da ya ba da amsa daidai.

Tushen irin waɗannan wasanni shi ne aikin Piaget da Inhelder na 1948, wanda ya nuna cewa yaro yana fara gane ciki da waje, kusa da nesa, kafin ya gane wuri ta fuskar mai kallo. Ba mu musanta wannan ba. Sai dai yaran da aka yi binciken a kansu na Janeba ne.

Mu ɗauki misali. A ajiye ƙwallo tsakanin yaro da tulu. Bafaranshe zai ce ƙwallon yana gaban tulu, domin yana ɗaukar tulun kamar mutum mai fuskantarsa. Clifford Hill ya nuna a 1982 cewa bahaushe, idan yana ganin abubuwan biyu, yakan ɗauki tulun kamar ya sa gaba inda shi ma ya sa gaba. Ke nan abin da ya fi nisa shi ne a gaba, kamar jerin mata masu zuwa rijiya. Sai abu ya ɓuya ne ake cewa yana baya. Yaron Keita ko Tamaske da ya ce ƙwallon yana baya bai yi kuskure ba, amma malamar da ta bi takardar wasan za ta gyara masa.

Na biyu, waɗannan wasanni sun fi ba dama da hagu muhimmanci, alhali a Adar ana yawan kwatance da gabas, yamma, arewa da gusum, kuma yaro ya san gabas tun yana kallon masu salla. Ko hagun ma, hauni yake ji a gida.

Na uku, hausa tana gina kalmomin wuri daga jiki: kan dutse, cikin ɗaki, bakin rijiya, gindin icce. Wasan da ya fara daga jikin yaro, ko daga ɓuya da langa, ya fi hoton takarda kusa da hankalinsa.

Dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta amince da koyarwa cikin harsunan ƙasa, kuma a 2025 an ɗaukaka hausa ta zama harshen ƙasa. Saboda haka muna ganin ya dace a tsara wasannin daga hausar yaran kanta, a kuma koya wa malamai tsarin nan biyu, don su bambance amsar da ba daidai ba da amsar wani harshe.