Takobi da Isnadinsa: Nazari a kan Ajiyar Tsofaffin Kayan Yaƙi a Shehuri

Tara tsofaffin takubba da masu da sulke al'ada ce da ta kasu gida uku a ƙasar Barno, kuma kowane gida da niyyarsa: akwai ajiyar fada da gidajen sarauta, wadda tushenta gado ne, akwai ajiyar gidajen tarihi, wadda tushenta doka ce, akwai kuma ta dillalai da masu sha'awa, wadda tushenta kuɗi ne. Wanda yake son ya fahimci ta farko, wadda ita ce uwa ga sauran, babu inda ya fi dacewa ya duba irin Shehuri, unguwar da ta kewaye fadar Shehun Barno a Maiduguri, domin tun da Shehu Abubakar Garbai ya baro Kukawa ya sauka Yerwa, wato Maiduguri ta yau, a 1907, a nan zuriyar Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi da bayinsu da hakimansu suka kafa gidaje, kowa da abin da ya tsira da shi daga zamanin da ya shuɗe.

Kafin a yi hukunci a kan wannan ajiya, wajibi ne a san abin da aka ajiye. Lokacin da Turawa matafiya Denham da Clapperton suka iso Kukawa a 1823, abin da ya fi ba su mamaki a rundunar da ta fito tarbarsu shi ne barade sanye da sulke tun daga wuya har gwiwa, da kwalkwali a ka, dawakinsu ma da kariyar ƙarfe a goshi. Bayan waɗannan kuma akwai 'yan lifida, waɗanda aka lulluɓe su da dawakinsu da tufa mai kauri da aka cusa wa auduga aka ɗinke ta layi-layi, don kibiya ta maƙale kafin ta kai ga nama, sannan ga dakarun Kanembu masu mashi da doguwar garkuwar itace marar nauyi. Bindiga ba baƙuwa ba ce a Barno, tun da Imam Ahmad ibn Fartuwa ya ambaci 'yan bindigar Turkawa a zamanin Mai Idris Alauma cikin ƙarni na 16, amma sai da Rabe ya zo da sojansa masu horo ya rushe Kukawa a 1893 sannan ta tabbata ga kowa cewa kwanan sulke a fagen fama ya ƙare. Bayan an kashe Rabe a Kusuri a 1900, kayan da a da ake mutuwa a cikinsu suka zama kayan hawan sallah.

A nan ne falalar ajiyar gado take, a nan kuma illarta take. Falalarta ita ce kayan ba su rabu da mutanensu ba: idan aka fito da sulke daga adaka ana shirin hawa, aka karkaɗe shi, aka shafa masa mai, dattijon gidan ya san wane kacalla ne ya sa shi, a hannun wane Shehu aka ba shi, da yadda ya gangaro har ya iso ga yaron da zai hau da shi zuwa Dandal. Illarta kuwa ita ce abin da ake amfani da shi ba ya zama yadda yake: kube ya tsage a kai wa baduku ya yi sabo, ƙota ta girgiɗe a kai wa maƙeri ya sake ta, lifidi ya ci gumi da asu a jefar da shi a ɗinka wani, har ya zamana takobin da ake ce wa na kakan kaka, ruwan ƙarfensa kaɗai ne ya ga wancan zamani.

Malaman hadisi sun koya mana cewa riwaya tana tsayuwa ne a kan ƙafa biyu, matani da isnadi, kuma wannan ƙa'ida ita ce mizanin da ya kamata a auna tsohon makami da shi. Matani shi ne ƙarfen da ke hannu, kuma yana da nasa shaidun ga wanda ya iya dubawa. Ka ɗauki zobe guda na sulke ka kai shi kusa da ido: idan an daddale bakinsa biyu an haɗa su da 'yar ƙusa ƙarama kamar ƙwayar gero, to aikin dā ne na gaske, wanda aka yi don ya tare kaifi, idan kuwa lanƙwasa waya kawai aka yi baki ya taɓa baki, to galibi na ado ne, wanda tsinin mashi zai buɗe. Haka nan takobi: yawancin ruwan takubban Sudan ta Tsakiya daga Turai aka kawo su ta Sahara, har Barth, wanda ya shiga Kano a 1851, ya kiyasta cewa wajen dubu 50 ne ke shigowa birnin kowace shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta Jamus, amma da yake maƙeranmu sun lura cewa tambarin jinjirin wata biyu yana ƙara wa takobi daraja, sai su ma suka riƙa buga shi a kan nasu, saboda haka tambari shi kaɗai ba hujja ba ne, sai an haɗa da nauyi, da tsarin kwarin da ke tsakiyar ruwan, da yadda yake komawa daidai idan an tanƙwara shi.

Isnadi kuwa shi ne silsilar hannayen da makamin ya bi, kuma shi ne abin da kasuwa take fara yankewa. Dillalin da ya sayi takobi a hannun magada masu bukata ba ya son a san gidan da ya fito, don kunya ko don tsoron doka, tun da dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba da izini ba. Saboda haka takobin yakan isa hannun mai tarawa a Landan ko Faris da suna guda ɗaya tak, wato takobin Sudan, alhali a gidansu yana da suna da tarihi. Dalilin da ya sa takobin Gajere na Katsina da wanda ake jingina wa Bayajida a Daura suka fi kowane takobi daraja a ƙasar Hausa bai wuce wannan ba: ba su taɓa fita daga silsilarsu ba.

Ƙoƙarin haɗa ƙafafun biyu, matani da isnadi, ba sabo ba ne, domin a 1964 Sashen Kayan Tarihi na Nijeriya ya buga binciken A. D. H. Bivar mai suna Nigerian Panoply a kan makamai da sulkunan Jihar Arewa. Sai dai wannan aiki na mutum ɗaya ne, kuma dattawan da suka san labarin a wancan lokaci sun riga mu gidan gaskiya. Tun daga nan Maiduguri ta sha jarrabawa biyu masu barazana ga irin wannan amana: fitinar da ta taso a 2009, wadda ta sa ajiye ko wuƙa a gida ya zama abin zargi, da ambaliyar madatsar Alau ta Satumban 2024, wadda ruwanta ya shiga Shehuri har cikin fada, ga shi kuwa ƙarfe da fata da auduga ba su da maƙiyi kamar danshi.

Abin da ya rage ga masu gado ba shi da tsada. Kowane gida ya zaunar da dattijonsa, a rubuta abin da ya sani game da kowane makami, da boko ko da ajami, a bambance abin da ya gani da idonsa da abin da ya ji daga magabata, a ɗauki hoton tambari da zoben sulke, a ajiye kwafi guda a gida, guda a fada ko a Jami'ar Maiduguri. Idan kuma larura ta sa aka sake kube ko ƙota, a adana tsohon tare da sabon. Wanda ya yi haka, ko da wata rana talauci ya tilasta wa jikokinsa rabuwa da takobin, to ƙarfen kaɗai za su sayar.