Majo, mai tantance ciwo tun daga bakin ƙofa

Daga watan Agusta zuwa Oktoba, idan ruwa ya kwanta a fadamun Keita da Tamaske, sauro ya samu wurin zama, layin mata masu goyo a ƙofar likita yakan kai har gindin dogonyaro. Wanda suke jira sau da yawa ba lokotoro ba ne. Ma'aikacin jinya ne, wanda kowa ke kira majo. A cibiyoyin lafiya na CSI da ke Kalfu, Barmu, Takanamat ko Ibohaman, irinsa ne ke duba maras lafiya, ya gano ciwo, ya rubuta magani, ya ɗinke rauni, wani lokaci ya karɓi haihuwa in babu ungozomar likita kusa. A babban asibitin jiha da ke Tawa kuwa, inda akwai lokotoro, majo ne ke riƙe da sashe guda: gadaje, magunguna, jerin masu kwana, da duk abin da ya taso bayan manya sun tashi.

Gwanintarsa ta farko a ido take. Majon da ya daɗe a aiki ba ya bin layi yadda aka zo. Yakan fito ya ratsa tsakanin matan, yana ɗaga mayafi yana duban fuskokin yara. Wanda ke tsala kuka da ƙarfi yana iya jira. Wanda ya yi lamo, ido ya faɗa, ya ƙi nono, shi za a shigar yanzu, ko da uwarsa ce ta zo ƙarshe. Sai ya buɗe tafin hannun yaron ya kara da nasa. In ya ga ya yi fari fat, ya san zazzaɓin cizon sauro ya sha jini. Ya yaye rigar, ya kafa ido a ƙirji, ya ƙirga numfashi na minti guda cif: hamsin ko fiye ga jaririn da ke tsakanin wata 2 da wata 11, arba'in ga wanda ya cika shekara har zuwa biyar, alama ce ciwo ya sauka a huhu. Ya naɗa ɗan ma'auni mai launi uku a damtse. In ya tsaya a ja, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Ya danna bayan ƙafafu da babban yatsa na daƙiƙa uku, ya ɗaga ya ga ko rami ya zauna. Duk wannan bai cika ɗaukar minti biyar ba, kuma ba ya bukatar lantarki.

Akwai littattafan da ke yi masa jagora, musamman tsarin SPT da Nijar ta daɗe tana amfani da shi, wanda ke bin ƙorafin maras lafiya mataki-mataki har zuwa magani, da kuma tsarin PCIME na ciwon yara. Amma littafi ba ya samo jijiya a hannun yaron da gudawa ta tsotse. Nan ake ganin bambanci. Gwani zai shafa bayan hannu da yatsa, ya ji abin da ido bai gani ba, in ta ƙi ya koma ƙafa ko fatar kai, ya soka sau ɗaya jini ya biyo. Kuma ya san inda ƙarin ruwa ke kisa. Yaron da tamowa ta kumbura, zuciyarsa ba ta ɗaukar ruwan jijiya da yawa. A ɗakin CRENI, inda ake kwantar da masu tamowa, madarar F-75 ake ba shi kaɗan-kaɗan, bayan awa biyu ko uku, dare da rana. Duk wanda ya ga uwa na roƙon a sa wa ɗanta ruwa, majo kuma ya dage ya ƙi, yana iya ɗaukarsa mai taurin zuciya, alhali ransa yake ceta.

A ganina abin da ya fi wuya cikin aikin shi ne sanin lokacin da zai ce wannan ya fi ƙarfina. Yaro mai sanƙarewa, jininsa ya ƙare, sai inda ake ƙarin jini. Majo zai yi masa allurar atesunet ta farko, ya ba shi ruwan sukari, ya cika takardar turawa. Sa'an nan a shiga shawara. Adar, wato wannan yanki na Tawa, ƙasar ƴan bida ce. Maigida yana Abijan, ko Libiya, ko Aljeriya, uwar yaro kuwa ba ta yanke hukuncin tafiya ita kaɗai. Sai majo ya juya ga kakar: “Inna, jikanki jini yake so, kuma ba mu da shi nan. In muka kai la'asar, ban ɗaukar miki alkawari.” Ta ce, “Majo, bari a ji ta bakin ubansa.” Shi zai karɓi wayar, ya gai da mutumin da ke can wata ƙasa, ya yi masa bayani ba tsoratarwa ba ɓoyewa, har ya amince ya turo kuɗin mai. Irin wannan magana ba a koyar da ita a aji. Majon da aka kai Abalak ko Cintabaraden kuma dole ya tsinci Tamajak da Fillanci, don tafinta ba ya fassara nishi.

Hanyar shiga aikin a fili take. Mai takardar BEPC yana iya yin shekara uku ya fito ma'aikacin lafiya na matakin farko, wato ASB. Mai bakaloreya yakan yi shekara uku ya samu digirin jinya. Tsofaffin makarantun gwamnati su ne ENSP ta Damagaram da ta Yamai, wadda ke ɗauke da sunan Damure Zika, ma'aikacin jinyar nan da duniya ta sani ta finafinan Jean Rouch, wanda ya rasu a 2009. Yau makarantu masu zaman kansu sun yawaita, har a cikin garin Tawa, kuma ba duka suke yaye hannu iri ɗaya ba. Wanda ya ƙara karatu yana iya zama mai sa barci a ɗakin fiɗa ko mataimakin mai fiɗa, kuma a asibitocin gundumomi kusan kowace haihuwa ta fiɗa ta ratsa hannun irin waɗannan.

Bayan an sallami layi, sai takardu. Rajista, lissafin magani, sanyin firjin allurar rigakafi da ake dubawa safe da yamma, da rahoton mako na cututtukan da ke yaɗuwa, irin su sanƙarau, ƙyanda da amai da gudawa. Kada a raina wannan rubutu. A 2016 da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla cikin makiyayan Cintabaraden, sai da aka kai jini cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar da shi, amma irin wannan annoba a rajistar ƙauye take fara nuna kanta, in mai riƙe da alƙalami yana lura.

Yanayin aikin kuwa yana sosa mini rai. Majon karkara gidansa na cikin harabar likita ko dab da ita, don haka ba shi da lokacin tashi. Mai naƙuda da wanda kunama ta harba duk ƙofarsa suke bugawa. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne. Mataki ne mai kyau, iyaye sun riƙa kawo ƴaƴansu da wuri. Sai dai kuɗin da ya kamata a mayar wa cibiyoyi sun sha yin jinkiri, kantar magani ta bushe, shi kuma majo ne ke tsaye gaban uwa yana miƙa mata takardar saye a waje, yana shan zargin da ba nasa ba. Da yawa daga cikin masu taya shi ƴan kwantaragi ne ko ƴan sa-kai, masu takardar shaida a hannu, suna kwanan aiki shekara da shekaru suna jiran a ɗauke su. Ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta SUSAS ta sha kai wannan kuka gaban hukuma. Matasan nan sun riga sun koyi samo jijiya da fitilar waya, kuma ya kamata a ɗauke su aiki kafin wata damina ta zagayo.