Inji da Ƙanƙara: Adon Harshe a Bakin Masana

Mun saba koya wa ɗalibanmu cewa siffantawa da kamantawa kayan aikin mawaƙa ne da marubuta ƙagaggun labarai, su kuwa masana da tsurar magana suke gina ra'o'insu. Duk wanda ya leƙa littattafan ilmin tafiyar da ma'aikatu zai ga ba haka abin yake ba.

A 1986 Gareth Morgan ya wallafa littafinsa, Images of Organization, inda ya nuna cewa ra'o'in wannan fanni a kan siffantawa suke tsaye. Ya kawo guda takwas, ciki har da inji, da halitta mai rai, da ƙwaƙwalwa, da fagen siyasa. Hujjarsa ita ce, kowace siffantawa tana haska wani gefe, ta kuma rufe wani.

Mu ɗauki inji. Frederick Taylor, a littafinsa na 1911, ya ba da labarin yadda aka auna motsin lebura da agogo har dakon ƙarfensa ya tashi daga tan 12 da rabi zuwa tan 47 a yini. To, idan ma'aikata inji ce, ma'aikaci ya zama noti ke nan, noti kuwa ba a tambayarsa ko ya gaji. In ya ci, sai a kwance shi a ɗaura sabo.

Haka batun sauyi. A 1947 Kurt Lewin ya kwatanta shi da matakai uku: a narkar, a motsa, a daskarar. Wato an mai da mutane ƙanƙara. Ita kuwa ƙanƙara ba ta da hujja, tauri kawai gare ta, don haka ma'aikacin da ya ƙi sabon tsari ba sauraronsa za a yi ba, zafi za a ƙara masa. Rosabeth Kanter da abokan aikinta sun soki wannan hoto a 1992. A 2016 kuma Stephen Cummings da abokansa suka nuna cewa Lewin a taƙaice ya taɓo maganar, mabiyansa ne suka gina ta bayan rasuwarsa. A ganinmu, sauƙin riƙe hoton a ka ne ya raya ra'in.

Inda muka saɓa da Morgan shi ne, ya ɗauki siffantawa kamar tabarau da manaja zai sa ya cire yadda ya so. Alhali kuwa mai iko ne ke zaɓen ta, na ƙasa ke ɗaukar nauyinta. Ranar da aka kira makaranta masana'anta, ranar ɗalibi ya zama haja.

Saboda haka aikin manazarta adabi bai tsaya ga waƙa ba. Wajibi ne mu tuhumi ra'i kamar yadda muke tuhumar baiti: da me aka kamanta mutum a nan, kuma wa ya ci riba?