Ɓatan Yarinya a Ƙagaggen Labari: Nazarin Littafin Djaïli Amadou Amal

A labaran bin sawu na Turawa, idan yarinya ta ɓace, marubuci kan ɓoye wa mai karatu inda take har zuwa babi na ƙarshe. Wannan ɓoyo shi ne ƙashin bayan zubin labarin. Djaïli Amadou Amal, Bafulatanar Marwa da ke arewacin Kamaru, ba ta bi wannan hanya ba a littafinta Munyal (2017), wanda aka sake fitarwa a Faransa a 2020 da sunan Les Impatientes.

Sau biyu mace ke ɓacewa a littafin. Hindu ta gudu daga gidan Mubarak, ɗan'uwanta da aka aura mata dole, aka nemo ta, aka mayar da ita. Ramla kuwa, wadda aka aurar wa Alhaji Isa tana shekara 17, ta sulale a ƙarshen labari. A kashin Hindu ita ce ke ba da labari da bakinta, don haka mai karatu ya san inda ta nufa; dangi ne ke cikin duhu. Tambayar da ta rage masa ita ce me ya kore ta, kuma wa ya kawar da kai lokacin da ake dukanta. Gudun Ramla ya fi ƙarfi ta fuskar salo, domin daga bakin kishiyarta Safira ake jin sa, wadda ta daɗe tana neman ganin bayanta.

Matasa ne suka ɗaga littafin. A 2020 ɗaliban sakandaren Faransa suka zaɓe shi ya ci kyautar Goncourt des lycéens. Sai dai karatu iri-iri ne. Ɗalibin Faransa sai an fassara masa kalmar Fulatanci "munyal". Ɗalibar Garwa ko Marwa ba ta bukatar fassara: haƙuri ne, kalmar da gwaggo ke raɗa wa amarya ranar kai ta ɗaki. A nan kuma raunin littafin yake, domin akwai wuraren da marubuciyar ta tsaya bayanin al'ada don baƙo, labari ya yi sanyi ga ɗan gida.

Ɗalibin Hausa ba baƙo ba ne ga wannan zubi. A Shaihu Umar (1934) na Abubakar Tafawa Ɓalewa an sace yaro, mai karatu na tare da shi, uwa ce ke yawon nema har ta faɗa bauta. A Wa Zai Auri Jahila? (1990) na Balaraba Ramat Yakubu, Abu ta gudu daga auren dole, ta yi ilimi, ta dawo da martaba. Amal ta hana Hindu wannan sakayya: an dawo da ita gidan miji, hankalinta ya gushe, dangi suka ce aljanu ne.