Gwanin da Ke Tsaron Kundin Sunaye

Duk ma'aikacin da ya buga sunansa da kalmar sirri da safe kwamfuta ta buɗe masa, akwai wata uwar garke a bayan fage da ta ba da izini. Ita ke riƙe da kundin sunayen ma'aikata, da rukunin kowa, da inda aka yarje masa shiga. A yawancin manyan kamfanoni Active Directory ne ke wannan aiki, wanda Microsoft ya fitar tare da Windows 2000. Idan kundin ya salwanta, fayiloli na nan, imel na nan, amma babu mai iya kaiwa gare su.

Shi ya sa nake jinjina wa mai ajiye kwafin wannan kundi, wanda kuma ya iya mayar da shi. Abu na farko da ya sani shi ne, yawan uwayen garke ba ajiya ba ne. Suna kwafar juna, gaskiya ne, amma in aka goge sunaye ɗari a ɗaya bisa kuskure, sauran ma gogewa za su yi, kuma annoba na iya cin su gaba ɗaya.

Haka ta faru da Maersk, kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na Denmark, ranar 27 ga Yuni 2017. Manhajar ɓarna ta NotPetya ta lalata uwayen garken kundinsu kusan 150. Guda ɗaya ta tsira, a ofishinsu na Ghana, don an ɗauke wuta ta yanke daga sauran kafin harin ya iso. Faifanta aka ɗauko a hannu, aka bi da shi ta Najeriya zuwa Ingila. Asarar kamfanin ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Gwani ba ya jiran irin wannan sa'a. Yana ɗaukar kwafi a kai a kai, ya ajiye wani inda babu wayar da ta haɗa shi da cibiyar sadarwa. Yana duba shekarun kwafin, domin kundin yana riƙe alamar abin da aka goge na kwana 180 ne bisa tsarin da aka saba, kuma kwafin da ya wuce haka ba a mayar da shi, don yana iya tado sunayen da aka daɗe da sallama. Kalmar sirrin yanayin gyara, wadda ake sawa tun ranar kafa uwar garken, tana rubuce a cikin sef, ba a kan kwamfutar da za ta iya mutuwa ba.

Wajen mayarwa ne ake gane hannu. In uwar garke ɗaya ce ta lalace, sai ya ɗora mata kwafi, 'yan uwanta su cike mata abin da ya wuce ta. In kuwa sunaye aka goge, hakan ba zai yi ba, don suna haɗuwa sauran za su sake goge su. Sai ya kira manhajar ntdsutil ya ɗaga lambar zubin sunayen da ya dawo da su, har ta zarce ta gogewar, kowace uwar garke ta karɓi nasa a matsayin sabon labari.

Kuma ba ranar gobara yake koyon wannan ba. Lokaci-lokaci yakan keɓe wasu kwamfutoci daga cibiya, ya gina kundin daga kwafi tun daga tushe, ya shiga da sunan wani ƙaramin ma'aikaci ya ga ko ƙofa ta buɗe, sannan ya rubuta awa nawa aikin ya ci.